Littafi ko waya: a ina ya kamata ka ajiye tsarin aikinka da lissafin kuɗinka?

Duk wanda yake riƙe da aiki fiye da ɗaya, ko kuɗi suke shigo masa ta nan suna fita ta can, wata rana sai ya yarda cewa kai ba ya riƙe komai. Ma'aikacin da ke ofis da safe ya koma shagonsa bayan La'asar, malamar makaranta mai sayar da atamfa a cikin gida, tela, ɗan kwangila, mai POS, ɗalibin da ya haɗa karatu da sana'a, kowannensu yana buƙatar inda zai ajiye alkawuran da ya ɗauka, da ranar da ya ce zai cika, da wanda yake bi da wanda ke bin sa. Yawancinmu wuri biyu ne a gabanmu: littafi da biro, ko wayar da ke aljihu.

Matasa sukan ce zamanin takarda ya wuce, dattawan kasuwa kuma su ce waya abin wasa ce. Duka ɓangarorin akwai zaƙewa. Abin da muke kira tsari ba aiki ɗaya ba ne. Tuna lokaci daban, zaɓar abin da za a yi yau daban, lissafin shige da fice daban, bashi kuma shi kaɗai babi ne. Wanda ya ci a wani fagen yakan sha ƙasa a wani, wani wurin ma da tazara mai nisa.

Tuna lokaci

A nan ba sai an ja zance ba, waya ce. Littafi ba ya kiran mai shi. Kana iya rubuta "taro ƙarfe 10" da manyan baƙaƙe har ka ja layi biyu a ƙasa, amma in littafin yana cikin jaka, goma za ta yi ta wuce bai ce maka uffan ba. Kalandar waya, ta Google ce ko wadda Tecno da Infinix da Samsung suke zuwa da ita, za ta kaɗa maka ko babu data, ko babu sabis. Inda ta fi amfani shi ne abin da ke dawowa: zubin adashi duk Asabar, kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a ga mai harkar dabbobi, sabunta takardun mota, kuɗin makarantar yara a farkon zango. Sau ɗaya za ka saka ta ci gaba da kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa tunatarwar a ranar da abin zai faru. In waya ta tuna maka da kuɗin haya ranar da shekara ta cika, ba abin da ta ƙara maka sai tashin hankali. Tun saura wata uku ya kamata ta fara magana, lokacin da akwai sauran damar tarawa.

Akwai ɗan saɓani tsakanin kalandar waya da yadda muke sa lokaci. Ita ƙarfe kaza take so, mu kuwa da salla muke auna yini: mu haɗu bayan La'asar, zan shigo tsakanin Magariba da Isha'i. Lokutan nan kuma ba a tsaye suke ba. A Kano ana Magariba wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, a Yuli kuwa sai dab da ƙarfe 7. Wanda ya sa ƙararrawa 6:30 ya bar ta haka duk shekara, wata rana za ta kaɗa yana cikin sahu. Haka watannin Musulunci. Kalandar Google tana nuna kwanan watan Hijira in ka kunna shi a saiti, amma lissafi take bi, ba sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi ba, don haka bambancin kwana ɗaya ba abin mamaki ba ne. Duk waɗannan da hannu ake gyarawa, ba su kai su ƙwace wa waya wannan fagen ba.

Abin da za a yi yau

A nan ina bayan takarda, kuma ba don son tsohon yayi ba.

Ka lura da hanyar da kake bi kafin ka isa jerin ayyukan da ka rubuta a waya. Ka ciro ta, ka buɗe makulli, kafin idonka ya kai kan abin da ka nufa ya ci karo da saƙonnin guruf ɗin 'yan ajinku na sakandare, da katin ɗaurin aure a guruf ɗin dangi, da wani bidiyo da aka turo aka ce don Allah a kalla har ƙarshe. Ka amsa gaisuwa, ka yi ta'aziyya, ka leƙa sitatus. Bayan minti 20 ka mayar da wayar aljihu, ka ma manta abin da ya sa ka ciro ta. Ba sakacinka ba ne kaɗai. Facebook da TikTok da Instagram da talla suke ci, talla kuwa ba ta biya sai an zauna ana kallo, shi ya sa aka gina su yadda ido zai yi wuyar ɗaukewa. Mai shakka ya shiga saitin wayarsa ya nemi Digital Wellbeing in Android ce, ko Screen Time in iPhone ce. Zai ga sau nawa ya buɗe wayar jiya, da awa nawa kowace manhaja ta ci. Wannan adadin ya fi ra'ayina cancantar yanke maka hukunci. In ka ga kaɗan ne, riƙe jerinka a waya lafiya lau. In ka ga abin da za ka ji nauyin nuna wa wani, je ka sayi littafi.

Takarda tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba, wato tana cika. Shafin ƙaramin littafin aljihu ba zai ɗauki aiki 30 ba, dole ka zaɓa. Abin da ba ka yi yau ba kuma, da hannunka za ka sake kwafe shi a shafin gobe. Ranar da ka ga kana rubuta "kai takardun Baba ofishin fansho" karo na huɗu, ko dai ka tashi ka kai, ko ka yarda ba za ka samu zuwa ba ka wakilta ƙaninka. Manhaja ba ta ɗora maka wannan nauyin. Da kanta take tura aikin gaba ta shafa masa ja, har jajayen su yi yawa ka daina ganinsu.

Wani Bajamushe masanin halayyar ɗan'adam, Peter Gollwitzer, ya yi suna tun shekarun 1990 da bincikensa kan cewa wanda ya ƙayyade yaushe da a ina zai yi abu ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya ce kawai zai yi. Mu kuwa muna da turaku biyar kafe a kowane yini, sai dai a ɗaura aiki a jikinsu. Raba shafin: bayan Asuba, kafin Azahar, bayan La'asar, bayan Isha'i. "Da na fito daga masallaci Azahar zan kira dillali" ya fi "kiran dillali" kama jiki nesa ba kusa ba. A takarda wannan rabon layi uku ne da biro. In azumi ya zo yini ya juye, aikin tunani ya koma bayan sahur, kasuwa ta koma dare, sai kawai ka ja layukan a wani wurin.

Sai maganar ofis. In oga ya kira ka yana ba da umarni ka buɗe littafi kana rubutawa, gani zai yi ka ɗauki maganarsa da daraja. Ka ciro waya kana latsawa, ko da umarnin nasa kake shigarwa, sai ka tsaya bayani: "Ranka ya daɗe, abin da kake faɗa nake ajiyewa." Ko ya yarda ko kada ya yarda. Haka abin yake a gaban malami, haka a zaman sulhu, haka a taron dattawan unguwa.

Inda takarda ke gazawa shi ne aikin da ba naka kai kaɗai ba. Mutum biyar suna haɗa rahoto guda, wani a Kaduna wani a Abuja, littafin aljihunka ba wanda yake ganinsa sai kai. Mai yi wa kamfanin waje aiki ta intanet kuwa ba shi da zaɓi ma. Ingila tana sauya agogonta sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Wajen wata bakwai agogonsu da namu ɗaya ne, sauran wata biyar muna gabansu da awa guda. Kalandar waya da kanta take daidaita wannan, littafi kuwa zai sa ka shiga taro awa ɗaya kafin kowa ko bayan an tashi. Haka takardun aiki: ta ɗauka, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, shaidar kowane kwas. Na asalin su zauna a gida cikin leda, amma a ɗauki hotonsu a ajiye a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet. Ranar da aka ce ana tantance ma'aikata gobe da safe, ko fayil ɗinka ya yi ɓatan dabo dab da ritaya, za ka gode wa Allah.

Akwai sana'ar da littafinta ya gagari manhaja. Je shagon tela ana saura mako biyu Salla ka ce ya nuna maka littafin awo. Kowane shafi da sunan mai kaya, tsawon riga, kafaɗa, hannu, wuya, ƙugu. A gefe an yanko ɗan ƙyalle daga shaddar ko atamfar an soke shi da allura a jikin takardar. A ƙasa ga kuɗin ɗinki, ga abin da aka bayar, ga ciko, ga ranar karɓa. In gardama ta tashi ba a dogon zance: "Hajiya, ga ƙyallenki nan, ga kuma abin da kika ce a yi." Hoto ba ya yin wannan aikin, don fararen shaddoji goma duk ɗaya suke a sikirin. Abin da littafin awo ba ya gaya wa tela shi ne ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage, kuma nan ne sunansa ke ɓaci duk shekara. Maganin ba ya buƙatar waya. Shafi ɗaya ne a gaban littafin, a jera kwanakin da suka rage zuwa jajibere, kowace rana a ba ta gurbin abin da shagon ke iya gamawa da gaske, a bar kwana biyu fanko saboda wuta. Duk kayan da aka karɓa a ba shi gurbi. Gurabe suka cika, sai haƙuri.

Shige da fice

Kafin 2023 amsar nan mai sauƙi ce ga yawancin 'yan kasuwa, tunda tsaba ake kamawa. Sauya fasalin naira da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoban 2022, da ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023, su suka sa har mai shayi da mai kayan miya suka buɗe asusu. Yau ka shiga kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa a Kano, lambar Moniepoint ko OPay ko PalmPay ce manne a bango. Ke nan wani kaso na lissafinka waya ta riga ta rubuta, ka so ko ka ƙi.

Sai dai alat ba lissafi ba ne. Yana gaya maka nawa ya shigo da sunan asusun da ya turo, ba ya gaya maka na mene ne. Sau da yawa sunan ma ba na mai sayen ba ne, ta asusun ƙaninsa ya turo, ko ta wajen mai POS na bakin titi. Bayan wata biyu ka zauna da bayanin asusu ka ga naira 85,000 daga sunan da ba ka taɓa ji ba, ka rasa ko cikon kuɗin atamfa ne ko biyan tsohon bashi. Ga kuma alat na bogi, wanda ya sa mai hankali ba ya sakin kaya sai ya buɗe manhajar bankin ya ga kuɗin sun zauna. Saboda haka ko wanda komai nasa tiransifa ne yana buƙatar inda zai rubuta dalilin kowane kuɗi.

Wajen sauri biro ya fi. Mutum uku suna tsaye, wannan yana jiran canji, wancan yana taya kaya, layi ɗaya a littafi ba ya cin lokaci. Manhajar lissafi kuwa sai ka zaɓi kaya, ka sa adadi, ka nemo sunan kwastoma, ka danna ajiye. Sai ka ce bari in an lafa sai in shigar, daga nan ɓaraka take farawa. Wajen tarawa kuma waya ta yi wa littafi fintinkau, domin littafi ba ya haɗa jimla. Akwai masu littattafai cike da rubutun shekaru, amma ka tambaye su ribar watan jiya sai su ce, "Alhamdu lillahi, ana samu." Google Sheets ko Excel, da gida huɗu kacal, kwanan wata, bayani, shiga, fita, zai ba ka jimlar wata nan take. Zai nuna maka nawa mai yake ci tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, nawa data take ci tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Ƙananan cire-ciren banki ma, naira 50 da ake ɗauka kan tiransifar naira 10,000 zuwa sama, kuɗin saƙon alat, ba mai rubuta su a littafi, amma suna nan zube a bayanin asusu. Abin tsoro ɗaya a lissafin kwamfuta shi ne kuskurensa tsaf yake fitowa. Ka ƙara sifili guda, jimla ta fito fes, ba abin da zai sa ka yi zargi.

Abin da na ga ya fi dacewa da mai shago shi ne ya bi kuɗinsa. In tsaba ta fi yawa, littafi a kan kanta duk yini, jimlar yinin kaɗai za a shigar a waya bayan an rufe, lamba biyu ko uku, ba kowane ciniki ba. In tiransifa ta fi yawa, bayanin asusu shi ne uwa, littafi ya zama na rubuta sunan mai kaya da dalili. In akwai yaron shago, lissafin ya ɗan sauya. Littafi mai ɗinki da lambar shafi in an yage za a gani, in an goge tabon yana nan. A waya sharewa ba ta barin tabo sai in manhajar tana ajiye tarihin gyara, kamar yadda Google Sheets yake yi. Amma waya tana ba maigida abin da littafi ba zai ba shi ba: yana Legas ko Caina wajen saro kaya, yana ganin abin da ya shigo a shago.

Mai albashi matsalarsa daban ce. Shigarsa sau ɗaya ce a wata, fitar ce kullum. Ba ya buƙatar manhajar kasuwanci. Takarda ɗaya ta ishe shi, muddin ya rubuta ta kafin alat ya shigo, ba bayan ya kwana uku a hannu ba: abinci, haya, makaranta, kuɗin mota, iyaye, adashi, sai gidan da manhajojin Turawa ba su san da shi ba, na biki da suna da gudummawa da "ga shi a sayi goro". Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, babu tsarin da zai sa kuɗin su isa, kada wani ya yaudare shi. Abin da rubutu zai yi masa shi ne ya nuna masa makon da kuɗin ke yankewa da abin da ke yanke su. In kuma yana da 'yar sana'a a gefe, abin da ya fi littafi ya fi manhaja shi ne asusu na biyu. Muddin albashi da ciniki suna faɗawa wuri ɗaya, ba abin da zai raba masa uwar kuɗi da riba, zai ci jari yana zaton riba yake ci.

Bashi

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a nan ne zaɓin ya fi nauyi, domin abin ya wuce kai kaɗai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take: a rubuta shi zuwa ajalinsa, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubutawa ƙarami ne ko babba. Abin lura a cikinta shi ne wanda ake bi shi aka ce ya yi shifta. Wato rubutun na mutum biyu ne. In aka auna da wannan, shafin da mai kanti ya rubuta shi kaɗai bayan kwastoma ya tafi, da abin da wani ya ajiye a wayarsa ba wanda ya gani, duk ba su cika ba. Tunatarwa ce ga mai ita, ba hujja ba ce a kan kowa.

WhatsApp yana kama da mafita, tunda ku biyu kuke gani, ga kwanan wata ga lokaci. Amma wanda ya turo saƙo yana iya gyara shi cikin minti 15, yana iya goge shi daga wayarka da tasa har kusan kwana biyu, yana kuma iya kunna saitin da ke sa saƙonni su ɓace da kansu. Gaskiya ne Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta yarda a gabatar da bayanan kwamfuta da na waya a kotu bisa wasu sharuɗɗa. Sai dai yawancin rigimar bashi ba ta kai wa kotu. A gaban shugaban layi a kasuwa take ƙarewa, ko mai unguwa, ko ofishin Hisba, ko wani kawu da kowa ke jin nauyinsa. A irin wannan zaman, shafin da mutum ya ga sa hannunsa ko dangwalen yatsansa shi ke kashe magana.

Sai abin da ba a son ambata. A wajen jana'iza za ka ji an miƙe an ce duk wanda yake bin mamaci, ko mamaci yake bin sa, ya ga wane. Ba a raba gado sai an biya bashi. Littafin da ke cikin durowa, magada za su buɗe su karanta. Wayar da ke buɗewa da yatsan mai ita ko da lambar da shi kaɗai ya sani, lissafin ya tafi tare da shi. In aka kai ta wajen masu gyara aka yi mata filashin don ta buɗe, abin da ake nema shi ne farkon gogewa. Marayu su rasa haƙƙinsu a hannun mutane, mamaci kuma ya kwanta da nauyin wasu. Ko zakka ma, ɗan kasuwa ba zai fitar da ɗaya bisa arba'in daidai ba sai ya san kayan da ke sito, da kuɗin da ke hannu, da bashin da yake sa ran za a biya.

Littafi ma yana da nasa aibin, ba ya rufa asiri. In yana kan kanta, maƙwabci zai buɗe ya ga sunan maƙwabcinsa da bashin kwanon shinkafa uku. Don haka littafin bashi daban da na ciniki, a cikin durowa mai makulli, kowane mutum da shafinsa. A rubuta a gabansa, ya sa hannu, a ɗauki hoton shafin a tura masa nan take yana tsaye. In ya biya, a ja layi ɗaya yadda rubutun zai ci gaba da karantuwa, a sa kwanan wata, a sake ɗaukar hoto. Mai ajami ya rubuta da ajaminsa, takarda ba ta zaɓe. Wanda ba ya rubutu sam, saƙon murya ya fi babu, muddin wanda ake bi ne ya faɗi sunansa da adadin da ranar biya da bakinsa. Wahalarsa dai nema: bayan wata shida sai ka saurari saƙo 40 kafin ka samo wanda kake so.

Ranar asara

Kowannensu da irin ajalinsa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016, da ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta Katsina a Maris ɗin 2021, da ambaliyar Kantin Kwari a Agustan 2022, a irin waɗannan ba kaya kaɗai ke tafiya ba, duk littafin da ya kwana a shago yana ciki. Ko ba gobara, ga gara, ga ɓera, ga yaron da zai yage shafi ya yi jirgi da shi. Kwafi ɗaya ne tal.

Waya kuma ga masu ƙwace, ga bokitin wanki, ga sikirin da ya fashe. Za a ce ai komai yana ajiye a intanet. Haka ne, in ka san adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa. Mutane da yawa yaron da ya sayar musu da wayar a kasuwar waya ta Farm Centre ko ta Beirut a Kano shi ya buɗe musu, ya sa abin da ya ga dama, ba su taɓa tambaya ba. Gwajin mai sauƙi ne: karɓi wayar wani a gida ka gwada shiga asusunka. In ka kasa, ba ka da ajiya, komai a cikin ƙarfen nan yake. Ka kuma tuna gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Drive da hotuna ne suke rabawa, yanzu har da kwafin WhatsApp na masu Android. In ya cika da bidiyon biki, ajiyar takan tsaya shiru. Manhajoji su ma suna mutuwa ko su sauya hali. Wunderlist, da ta yi tashe wajen jera ayyuka, Microsoft ya saye ta a 2015 ya rufe ta a 2020. Evernote, manhajar ajiye rubutu, ta rage wa masu amfani kyauta zuwa rubutu 50 a ƙarshen 2023. Duk manhajar da ba za ta bar ka ka fitar da bayananka zuwa Excel ko PDF ba, kada ka ba ta lissafin shagonka.

Wuta da sabis ma ba abin da za a yi wa alkawari ba ne. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, masu cajin waya suka zama sarakuna. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna na tsawon makonni. A Nijar, yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ɗauki watanni. Kalanda da rubutun cikin waya suna aiki ba sabis, amma ba sa aiki ba caji.

Mutane da yawa in sun ji duk wannan sai su ce to a haɗa biyun, a rubuta komai a littafi a kuma shigar a waya. Wannan ba ya wuce mako biyu. Daga nan sai wani ya riga wani, ka rasa wanne ne gaskiya, ka daina yarda da duka. Kowane abu ya samu gida ɗaya, ɗayan ya zama wurin ajiye hoto ko jimla kawai. Daren Alhamis ko safiyar Juma'a kafin a fita, minti 15 sun isa a ɗauki hoton shafukan makon a tura Drive.

In littafi za ka saya, nemi mai ɗinki da bango mai tauri, ba mai zoben waya da ake cire shafi ba a gane ba, ka sa wa shafukan lamba tun ranar farko. Biro na yau da kullum, ba fensir ba, ba kuma alƙalami mai tawadar ruwa da gumin hannu ke narkarwa ba. Rasit ɗin POS kuwa kada ka manna shi a shafi ka ce ka gama. Da zafi ake buga rubutunsa, ba da tawada ba, in ya sha zafin Afrilu a cikin shago sai ka tarar da farar takarda. Kwafe adadin da kwanan watan da lambar cinikin da biro a gefensa tun ranar da aka ba ka.